Ramin Rigar Inna

SHAFI NA 14

Masu turo min "ina ci gaba, ina ci gaba" tun gari bai gama wayewa ba, ku sassauta min don Allah, hannu biyu gare ni kuma duk suna kan keke. Ke kuma da kika ce in ban ɗora yau ba za ki biyo ni har shago, bismillah, akwai maɓallai sittin da ke jiran mai ɗaurawa.

Ga waɗanda suka shigo yau: ni tela ce. A zauren teloli na waya ana kirana Almakashi, kuma saboda bakina ne, ba saboda aiki ba. Wata bakwai muna ɓarin baki da wani tsoho mai kiran kansa Zare Ɗaya. Duk ɗinkin da na ɗora sai ya samo masa aibu, ni kuma sai na rama har da ƙari. Mu ɗari huɗu ne a zauren, rabi suna bayana rabi suna bayansa, admin har ta gaji da rabon faɗa.

Shekaranjiya da yamma aka ɗauke wuta, na hura dutsen guga na gawayi, tartsatsi ya faɗa kan rigar marigayiya Innarmu. Ita kaɗai ce tufar Inna da ta rage mana. Yayata ce ta ciro ta daga ƙasan akwati ta ce in rage wa 'yarta, za ta sa jibi ranar karɓar shaidar gama karatu. Rami ya fito a ƙirji, faɗin farcen babban yatsa. Na ɗauki hoto zan tura wa ƙawata, sai na tura zaure. Minti biyu na goge, amma a zauren nan minti biyu ya ishi kowa ya adana.

Na zauna jiran zagin Zare Ɗaya. Abin da ya ɗora kwatancen gidansa ne da layi ɗaya: "Kar ki wanke, kar ki taɓa bakin ƙunar. Kawo da safe."

To mu je.

*

Ƙarfe takwas ina tsaye a ƙofar wani ɗaki a saman shagon gyaran agogo, rigar na naɗe cikin farin ƙyalle a ƙirjina. Sau uku ina ɗaga hannu ina saukewa kafin na ƙwanƙwasa.

Wata 'yar gajeriyar tsohuwa ce ta buɗe, waya na rataye a wuyanta da igiya. Ta dube ni tun daga ɗankwali har takalmi.

"Ke ce Almakashi?"

Wallahi na so in ce a'a.

"Ni ce, Gwaggo. Ina kwana?"

"Ikon Allah! Ashe ma 'yar firit ce. Ni na zaci zan ga ƙatuwa ta cika ƙofa." Ta juya ciki. "Malam! Ga mutuniyar taka, wadda ta ce ko zare ba ka iya zura wa allura ba."

Na shiga ina sunkuyar da kai.

Ɗakin babu keken ɗinki ko ɗaya. Taga ce babba babu labule, tebur a ƙarƙashinta an shimfiɗa masa farin yadi, sai kujera biyu da kwanon ruwa da sabulu a gefe. Tsohon siriri ne, tabarau biyu gare shi, ɗaya a hanci ɗaya a goshi. Na durƙusa na gaishe shi.

"Baba, ni dai…"

"Kin taɓa bakin ƙunar?"

"A'a."

"Madalla. Karo na farko ke nan da kika ji maganata."

Ya tashi ya wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, ya tsane, sannan ya karɓi rigar da hannu biyu. Shuɗiya ce mai duhu da siraran fararen layuka. Ya shimfiɗa ta, ya sauko da tabarau na biyu a kan na farko, ya shiga dubawa. Ya daɗe yana bin ta da ido har na ji agogunan ƙasa sun buga.

"Kin rage ta a gefe."

"E, Baba. Yarinyar ba ta kai Inna jiki ba."

"Ina guntayen da kika yanke?"



"Na… na share su da sauran ƙyallaye. An kwashe shara tun shekaranjiya."

Ya cire tabaran duka biyu ya dube ni.

"Tela ta zubar da ƙyallen rigar uwarta."

Jama'a, wata bakwai ana zagina a gaban mutum ɗari huɗu ban taɓa jin zafin da na ji a wannan maganar ba.

Gwaggo ta ja ni ta zaunar a kujera ta biyu.

"Bar shi, haka yake. Shi ba ya zagi, gaskiya kawai yake faɗa babu gishiri."

Na ɗago da sauri. Duk da halin da nake ciki sai da halina ya motsa.

"Ba ya zagi? Gwaggo, shi ne fa ya ce wuyan rigar da na ɗinka igiyar rataya ce. Shi ne ya ce in mai rigar ɓarin jikinta ɗaya ya shanye to hannun ya yi mata daidai!"

Tsohuwar nan ta fashe da dariya har tana riƙe tebur.

"Kai, wannan ta hannun ta yi daɗi! Kwana biyu ina dariyarta ni kaɗai."

"Ban gane ba."

"'Yar nan, Malam ba ya kallon waya. Idonsa na zare ne, ba ya ɓata shi da hasken gilashi. Hoton ɗinki kaɗai nake nuna masa, ya kalla sau ɗaya ya kau da kai. Sai ya ce, rubuta mata hannun hagu ya fi na dama da rabin inci. Ni kuma in ga abin ya yi lami, sai in ɗan sa masa yaji."

Na saki baki.

"Ke nan… ke ce?"

"Ni ce mana! Incin nasa ne, yajin nawa. Naki zagin ma ba duka nake karanta masa ba, wanda ya yi muni sai in riƙe abina in rama da kaina. Kin san tunda 'ya'yana suka watse ban samu abokiyar faɗa kamarki ba?"

"Na sha gaya miki ki daina," in ji Baba, bai ɗago ba.

"Ka sha faɗa, na sha ji."

Wata bakwai ina hana kaina sukuni ina shirya wa tsoho amsa, ashe da wannan 'yar tsohuwar mai ba ni ruwa a kofi nake yi.

"Arba'in da ɗaya," Baba ya ce.

"Na'am?"

"Zaren tsaye arba'in da ɗaya ne suka ƙone. Na kwance talatin da shida. Shida daga cikin na tsayen farare ne."

Na leƙa ramin. Ni baƙi kawai nake gani da ƙonannen baki.

"Ƙirga su ka yi?"

"Ta yaya zan mayar da abin da ban san adadinsa ba?"

"Mayarwa? Ba faci za ka yi ba? Ni na ɗauka za ka sa ɗan ado ka rufe wurin."

Gwaggo ta ce, "Ahaf! Zauna ki sha kallo."

Ya juya rigar zuwa ƙasa ya warware kalmasar bakinta a hankali. Ya nuna min da tsinin allura.

"Dubi nan. Yadin da ke cikin kalmasa bai taɓa ganin rana ba, ya fi na ƙirji duhu. In na ɗauka daga nan, ramin zai rufe amma tabo zai zauna. Na daidai kan lanƙwasar nan kaɗai ne ya koɗe kamar na ƙirji. Shi ma ba shi da yawa. Zai ishe ni sau ɗaya, ba zai yi biyu ba."

Na kalla, na sake kalla. Sai da na kusa manna hancina sannan na ga bambancin. Shekarata goma sha ɗaya ina ɗinki ban san shuɗi ɗaya yana da launi biyu a riga ɗaya ba.

Ya fara zaro zaren ɗaya bayan ɗaya daga jikin yadin, yana jera su a kan farin tebur. Ya ɗaure wurin ramin a cikin wani ɗan zoben katako, ya gyare ƙonannen bakin da almakashi ƙarami kamar na yanke farce. Allurarsa ba ta da tsini, da kansa ya goge bakinta don kar ta tsaga zare. Ya zura na farko. Ba ɗinki yake yi ba. Ƙarƙashin wannan zare, saman wancan, ƙarƙashi, sama, tun daga nesa da ramin ya taho, ya haye, ya nutse a ɗaya gefen. Saƙa yadin yake yi sabo, a wurin da babu yadi.



Hannun nan da na gani yana ɗan rawa lokacin da ya ɗauki kofi, yana riƙe allura ya tsaya cak. Ko numfashinsa sai ya kai zare gefe yake saki. Na samu kaina ni ma ina riƙe nawa.

Wayar Gwaggo sai ƙara take.

"Zaure ya ɗauki zafi," ta ce tana dariya. "Wata ta ce ka kore ta da tsintsiya. Wani ya ce ƙarya ne, ba za ki taɓa zuwa ba, girman kai ba zai bar ki ba. In ba su amsa?"

"Ajiye wayar nan," ni da Baba muka faɗa tare.

Wajen zare na ashirin ya yi magana, idonsa na kan aiki.

"Mai rigar nan a kafaɗar dama take rataya jaka. Jaka mai nauyi."

Na ɗago.

"Ungozoma ce a asibiti. Kullum da jakarta."

"Kuma akwai yaron da ke yawan riƙe ta a nan." Ya nuna wajen gwiwa ta hagu. "Zaren ya miƙe, an daɗe ana ja. Yaro mai naci."

Ban san lokacin da hawaye ya zubo ba. Ni ce. Duk safiya in Inna za ta fita sai na cakumi rigarta ina ihu, Yaya na ɓamɓare min yatsu ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa gaya wa kowa ba, ni kaina na manta. Ga shi wani tsoho da bai taɓa ganin Inna ba ya karanto shi a jikin yadi.

"Matsa baya," ya ce. "Hawaye na da gishiri, zai ɓata launi."

Na matsa ina dariya ina kuka.

Azahar ta yi ya tashi ya yi salla, ya sake wanke hannu, ya dawo. Zaren tsaye sun cika, ramin ya koma kamar ƙaramar taga mai ƙarafa. Ya shiga na kwance. Fararen layukan nan suka taho daga sama suka haɗe da 'yan'uwansu na ƙasa, babu wanda ya karkace.

"Baba," na ce a hankali.

"Uhm."

"Rabin incin nan. Na koma na auna a ranar. Gaskiyarka ce."

"Na sani."

"Da na wuyan, da na aljihun. Duka na auna. Sai in gyara a ɓoye, in dawo zaure in zage ka."

"Wannan ma na sani. Hoton da kike ɗorawa na gaba ba ya zuwa da kuskuren baya." Ya ja zare. "Mutum ɗari huɗu ne a wurin nan, ke kaɗai nake cewa a rubuta wa. Sauran ko na faɗa ba su da hannun gyarawa. Ke kina da hannu. Sauri ne ke cin ki."

"Ka yafe min."

"Ni ba ki min komai ba, rabi ma ban ji ba. Ga wadda za ki roƙa can."

Gwaggo ta ce, "Kar ki soma! In kika tuba ni da wa zan yi?"

Bayan la'asar ya ja zare na ƙarshe. Ya mayar da kalmasar yadda take, ya kara rigar a kan tururin buta, ya danne wurin da tafin hannunsa kawai. Ya cire tabarau, idonsa ya yi jajir yana ruwa.

"Duba."

Na ɗauka. Na san wurin sarai, tsakanin maɓalli na biyu da na uku, ɗan hagu kaɗan. Awa takwas idona na kansa.

Babu.

Na kai ta taga na ɗaga wa rana. Babu. Na juya cikinta, na shafa da yatsa, na shafa da leɓe. Yadi ne kawai, sumul, kamar wuta ba ta taɓa sanin hanyarsa ba.

"Subhanallahi," na ce. Na zauna a ƙasa. "Baba, wannan hannun mutum ne?"

"Zare saba'in da bakwai ne kawai. Ɗaya bayan ɗaya."

Ban gama rufe baki ba muka ji takun mutum a matakala, da ƙarfi. Aka buga ƙofa. Gwaggo na buɗewa na ga mayafin da na sani.

"Yaya!"

Ko kallona ba ta yi ba. Ta gaida tsofaffin a taƙaice, sannan ta ɗago wayarta ta juyo min da ita. Hoton ramin ne, ga kwatancen gidan Baba a ƙasansa.

"Ƙanwar mijina tana zaurenku. Tun safe nake kiran ki."

"Na kashe wayar ne, Yaya, wallahi ina shirin…"

"A bakin dangin miji zan ji an ƙona rigar uwata? Ke da zage-zagenki kin tara maƙiya, yanzu hoton rigar Inna ne ke yawo ana sa masa dariya. Ba ni."

Na miƙa mata da hannu biyu. Zuciyata har ta fara sanyi, na ce yanzu za ta gani ta huce.

Ta duba ƙirjin. Ta dubi waya. Ta sake duba ƙirjin. Ta juya ciki. Sai ta kai rigar hancinta ta shaƙa, ta daɗe a haka. Da ta sauke, fuskarta ta canza.

"Ina rigar Inna?"

"Ga ta a hannunki."

"Kar ki raina min hankali. Shekara tara tana akwatina, na san ƙanshinta. Wannan ba ta da shi."

"Hayaƙi ne da tururi suka…"

"Kuma ɗinkin gefen nan naki ne."

"Ai rage ta na yi, Yaya, ke kika ce!"

"Ina ramin?"

"Baba ya saƙe shi."

"Ya saƙe rami." Ta yi wata dariya marar daɗi. "Ke da kike ɗinka riga cikin awa uku kina alfahari. Kin samo yadi irinsa kin kwaikwaya, ko ba haka ba? Ba yau kika fara ba. Mayafina da kika ɓatar, ba sayo irinsa kika yi kika yi shiru ba, sai bayan shekara na gane?"

Wannan gaskiya ne, na yi.

"Yaya, dubi kafaɗar, inda jakar Inna ta cinye. Dubi wajen gwiwa."

"Ni ban san zare ba. Ni rami na gani."

Gwaggo ta matso. "'Yata, a gabana aka yi aikin nan tun safe."

"Ki yi haƙuri Gwaggo, ban san ku ba. Ita na sani." Ta juyo kaina. "Da ƙonanniyar kika kawo min, da na yi kuka na haƙura, ko toka ce ta Inna ce. Amma ki jefar da ita ki kawo min wata? In ita ce, nuna min wurin. Ki sa yatsa a kai. In ba haka ba, wallahi daga yau ki nemi wata yayar."

Na karɓa. Maɓalli na biyu. Na uku. Ɗan hagu. Na sa yatsa, na ɗage. Na matsa sama. Na dawo. Na ja yadin, na karkata shi ga haske.

Jama'a, na nema. Wallahi na nema.

"Baba," na ce. "Nuna mata."

Ya mayar da tabaransa, na farko, sannan na biyu. Ya karɓi rigar ya shimfiɗa. Bai yi lalube ba, kai tsaye ya ɗora bakin allura a wuri ɗaya.

Yaya ta sunkuya. "Ban ga komai ba."

"Ba za ki gani ba, don kar a gani aka yi shi," ya ce. "Hanya ɗaya ce. In na ɗago bakin zaren nan na ja, sauran za su saki, ramin zai buɗe a gabanki. Amma ki sani, rigar ba ta da sauran zaren da za ta sake ba ni. In ya buɗe, ya buɗe ke nan."

"Ja," in ji Yaya.

"Ba ke kika kawo min aiki ba."

Ya juyo da jajayen idanunsa kaina, allurar na nan a inda take.

"Almakashi, ke za ki faɗa. In ja, ko in bari?"